RANAR DA AKA MUSANYA GUNYA

Shafi na 14

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu tambayata ko da gaske doki yana gane mara lafiya, yana ganewa, har ya fi wasu mutanen. Mu koma wajen Juwairiyya da ɗanta.

*

Tun daga bakin dangar gidan Baba Gwadabe, Juwairiyya ta san wani abu ya canza. Ba ta ji hurin hancin nan da goɗiyarsu Gunya take yi in ta jiyo ƙamshin Khalid ba. Wata haniniya ta ji mai kaifi, irin ta dokin da bai san gidan da yake ba.

Ta gyara goyonta. Khalid ya shekara bakwai, amma har yau a baya yake zuwa ko'ina, ƙafafunsa a sandare, ɗaya na neman hawa kan ɗaya kamar almakashi. Zuwa ne mai wuya kullum. Komawa gida ita ce mai daɗi, don in ya sauko daga bayan tsohuwar goɗiyar nan, ƙafafun sukan saki su rungumi ƙugunta kamar na kowane ɗa.

Ta yi sallama ta shiga.

A turken Gunya wani baƙin ingarma ne yake tonon ƙasa da kofato, an ɗaura masa sabon sirdi da jar jalala. Baba Gwadabe, ƙanin mahaifin mijinta, yana zaune a kan kifaffen turmi, hularsa a hannu yana murza ta.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya, 'yata."

"Baƙi ka yi?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Baba, ina Gunya? Ka kai ta rafi ne?"

"Zauna, Juwairiyya."

"Ba zan iya zama ba, Baba. Ina take?"

Tsohon ya ɗago. Idonsa ya yi ja kamar wanda hayaƙin ɗanyen itace ya shiga.

"Bayan sallar asuba mijinki ya zo da Ramalan dillali. Na ce masa, Muntari, kada ka yi. Ya ce, Baffa, goɗiyar ta wa ce? Na ce ta mahaifinka ce, Allah ya jiƙansa, yanzu taka ce, ni riƙo nake. Ya ce to shi ke nan. Suka kwance ta, suka ɗaure wannan."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Khalid ya fara motsi a bayanta. Yana ƙoƙarin karkata kansa wajen turken, yana wannan ƙaramin gurnanin da yake yi in ya matsu a ɗora shi. Bai san ba ita ba ce.

Sai ga ƙarar tsohuwar hayis a ƙofar gida. Muntari ya shigo da fara'arsa har kunne, da 'yar leda a hannu.

"A'a, kun riga ni! Na so in zo in rufe masa ido tukuna. Khalid! Ɗan Baba! Dubi abin da na kawo maka."

Ya zaro 'yar hula zanna da wasu ƙananan takalma na fata.

"Baban Khalid," in ji Juwairiyya, "ina ka kai Gunya?"

"Musaya muka yi. Na haɗa wa Ramalan da marakin nan na bayan gida. Dubi doki, Juwairiyya! Ramalan ya ce ko a Kano sai an tona kafin a sami irinsa."

"Wa ya ce maka doki muke nema?"

"Yo ba hawan doki ne maganin ba? Ke kika zo mini da maganar daga asibiti. Idan tsohuwar goɗiya mai ƙashin haƙarƙari a waje ta yi masa amfani, ina ga ingarma?"

"Ba haka Malama Amatullahi ta ce ba! Malamar gashin ƙashi cewa ta yi a nemi dabba mai sanyin hali, wadda ba ta firgita. Tafiyarta a hankali ita take juya masa ƙugu kamar shi ne yake takawa. Ɗumin bayanta shi yake sakar masa jijiya. Shi ya sa ba a sa sirdi, sai tsumman bargo. Na faɗa maka, Baban Khalid. Sau nawa na faɗa maka?"

Fara'ar ta fara barin fuskarsa.

"Kin faɗa. Amma ba ki faɗa mini a juye ake ɗora shi ba."

"Wani lokacin ne, don bayansa ya..."

"Fuskarsa na kallon wutsiya!" Ya ciro waya daga aljihu. "Wani ɗan banza ya leƙo ta danga ya ɗauka. Duk tashar Kibiya babu wanda bai gani ba. Kin san abin da 'yan kamasho suke ce mini? Wai Muntari, me yaronka ya sata ake zagayen gari da shi a juye? Wani ya ce, a'a, ku bar shi, angon goɗiya ne. A garin nan wane ɗa namiji kika taɓa gani a kan goɗiya? Ko bawan gidanmu a da ba a ɗora shi a kanta!"

"To sai me? Su suka haifa maka shi?"

"Ni na haife shi! Shi ya sa!"

Ya juya musu baya. Da ya sake magana, muryar ta yi ƙasa.

"Shekara bakwai ban taɓa sayo wa yaron nan abin da ya more ba. Na sayo ƙwallo, 'ya'yan maƙwabta suka fasa. Na sayo keke, yana rataye a rumbu. Na ce tunda Allah ya sa doki ne abin da yake iyawa, bari in ba shi dokin maza. Ya fita sau ɗaya a gan shi, a ce ga ɗan Muntari. Laifi ne wannan?"

Juwairiyya ta ji tausayinsa ya tsirga mata, amma tsoro ya fi ƙarfi.

"Ka taɓa zuwa ka tsaya ka gani? Ko sau ɗaya?"

"Ina kan hanya kullum, kin sani."

"Yana zama, Baban Khalid. Baba na riƙe da ragama, ni ina gefe, amma akwai lokacin da nake janye hannuna. Yana ɗaga wuyansa. Kuma yana magana."

"Haba, Juwairiyya."

"Wallahi yana magana!"

"Kullum kya ce yana magana. Ni in na dawo miyau kawai nake gani."

Baba Gwadabe ya sa baki.

"Gaskiya ta faɗa maka. Ni na hori goɗiyar a kan haka. In yaron nan yana wurin, ko me zan yi ba ta ɗaga ƙafa, sai ya ba ta izini da bakinsa. Da farko mukan yi tsaye har rana ta ɗago, shi yana kokawa da harshensa, ita tana jira. Ran nan sai ya ce, Je. Ta tafi. Kalmarsa ke nan guda a duniya, kuma ita kaɗai yake faɗa wa."

Muntari ya dubi ɗansa, ya dubi baƙin dokin.

"To zai faɗa wa wannan. Kawo shi."

"A'a!"

"Kawo shi na ce. Ba ɗana ba ne?"

Ya kwance zanin goyon da kansa, ya ɗaga Khalid sama. Ingarman ya kwantar da kunnuwa baya. Da ya ji abu na matso masa ta gefe sai ya zabura, likkafa ta daki turke, ya yi wata haniniya da ta tashi kajin gidan duka.

Khalid ya sandare kamar katako. Ƙafafun suka harɗe gam, babu yadda za a yi su buɗe a kan wannan sirdin mai tudu gaba da baya. Kansa ya koma baya, bakinsa a buɗe, kukan ma ya kasa fitowa.

"Sauke shi! Don girman Allah sauke shi!"

Juwairiyya ta fizge ɗanta ta ƙanƙame, tana tofa masa addu'a a ka. Sai da ya ja numfashi mai tsawo kukan ya fito.

Muntari ya tsaya da hannaye a sake. 'Yar hular ta faɗi cikin kashin doki, babu wanda ya ɗauka.

"Zai saba," ya ce, amma ko shi bai yarda da muryarsa ba.

"Ba zai saba ba," in ji Baba Gwadabe. "Wannan dokin sukuwa ne. Muntari, ka tambayi Ramalan abin da zai yi da goɗiyar da ta daina haihuwa?"

"Ya ce akwai mai so."

"Akwai mai so, ƙwarai. Ramalan ba ya kiwon tsofaffi. Tara su yake yi a wani fili a bayan Rano, da jakunan da suka gaji, a loda su a babbar mota zuwa Kudu."

"Su yi me a Kudu?"



Juwairiyya ce ta gane kafin shi. Ta ɗora hannu a ka.

"Yanka ta za a yi? Baba, yanka Gunya za a yi?"

"Kuma na ji an ce yau motar za ta tashi."

Ba ta san lokacin da ta zube a gaban mijinta ba, da yaron a ƙirjinta.

"Ban taɓa roƙonka komai ba, Baban Khalid. Ka bar wa Ramalan marakin. Ka bar masa dokin ma in yana so. Ka dawo mini da ita. Na zaga da yaron nan wurin masu magani har ƙafata ta tsage, an shafa, an turara, an tsaga. Babu abin da ya karɓa sai bayan goɗiyar nan. In ta tafi, bakinsa ya rufe ke nan. Ni na san ɗana."

Muntari ya share fuska da hannun riga.

"Ku shiga mota."

*

Hanyar ƙauyensu Durba zuwa Rano a ƙarshen damina ba ta san gaggawa ba. Hayis ɗin tana faɗawa rami tana fitowa, dawa ta yi kai a dama da hagu. Muntari yana ta kiran lambar Ramalan, ana ce masa a kashe take.

Juwairiyya ta rungume Khalid a kujerar baya, tana tuna wani abu da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In ta tsaya kusa da kan Gunya ta leƙa ƙwayar idonta, takan ga duniya ƙarama a ciki, da bishiyar ɗorawa, da danga, da Khalid. Kuma a cikin idon nan ba ya karkacewa. A miƙe yake tsaf. A nan kaɗai ta taɓa ganin ɗanta a miƙe.

Duwatsun Rano suka bayyana, manya, baƙaƙe, wani a kan wani kamar an ajiye za a dawo a ɗauka.

"Bi ta hagu," in ji Baba Gwadabe. "Bayan waccan kukar."

Motar tana nan. Doguwa, mai katako, an jingina bayanta da wani tudun ƙasa, an shimfiɗa faffaɗan katako daga tudun zuwa ciki. Ta cika da jakuna da dawakai, kawuna sun leƙo ta tsakanin katakai. A can saman kan motar wani zakara ne a tsaye, an ɗaure masa ƙafa da zare. Wai na direban ne, shi yake tashinsa sallah a hanya.

Dabba ɗaya ce ta rage a ƙasa.

Gunya tana tsaye a bakin katakon, ƙafafunta huɗu a kafe. Mutum biyu na jan ragama daga sama, ɗaya na zuba mata sanda a gindi. Ko gezau. Jikinta mai launin madarar da ta kwana ya yi sawun bulala.

"Kai! Ka daina dukanta!" Baba Gwadabe ya daka tsawa tun bai gama fitowa ba.

Ramalan ya taso daga inuwa, da goro a baki da carbi a hannu.

"A'a, Muntari sarkin hanya! Har an yi kewar tsohuwar? Ko ango ne ya zo bikon amaryarsa?"

"Ramalan, ba wasa ya kawo ni ba. Na fasa."

"Ka fasa me? Ba a gaban baffanka ka ce ka sallama ba? Muka tafa, muka yi fatiha?"

"Na yi kuskure. Ka riƙe marakin."

"Ai maraki ya riga ya zama nawa, ba sai ka ba ni ba. Ita kuwa wannan tun hantsi na sallama wa mai kayan. Yana can Kudu yana jira, an faɗa masa adadin kawunan da ke tafe."

Juwairiyya ta matso da goyonta. Ba ta saba tsayawa gaban maza a fili ba, amma yau kunya ta bar ta.

"Alhaji, don darajar iyayenka. Dubi yaron nan. Maganinsa ce."

Ramalan ya leƙa bayanta, ya ga ƙafafun da suka harɗe, ya ga bakin. Ya daina tauna goron. Ya tofar, ya yi ƙasa da murya.

"Baiwar Allah, ni ma ina da 'ya'ya. Bari in faɗa miki yadda sana'ar take. Abin da ya hau mota ya fita hannuna, ko uwata ce ta roƙa ba ni da iko. Amma abin da ya ƙi hawa har direba ya gaji, wannan nawa ne, ni zan san abin da zan faɗa wa mai kayan. Tsohuwar nan ta wahalar da mu tun ɗazu. Direba ya rantse yana gama ɗaure tamfol zai tashi, da ita ko babu ita. In ya tashi tana ƙasa, ku ja abarku, ku dawo mini da dokina."

"Allah ya saka da alheri! Allah ya raya zuri'a!"

"Kada ki gode tukuna. Yaran nan ba za su daina ja ba, aikinsu ne."

Baba Gwadabe ya matso kusa da Muntari, ya raɗa masa.

"Ba za ta hau ba. Ta riga ta ji ƙamshin yaron. Yanzu ko su goma ne ba za su ɗaga ta ba. Mu dai mu yi shiru."

Haka ne kuwa. Gunya ta juyo da kai, ta hura hanci, irin hurin nan na kowace safiya. Sai ta tsaya cak, kunnuwa a miƙe, kamar an dasa ta. Masu ja suka ja har jijiyar wuyansu ta fito. Mai sanda ya gaji ya jefar.

"Wannan ba goɗiya ba ce, dutse ce!" in ji ɗaya.

A sama direba na ɗaure igiya. Saura kusurwa ɗaya. Ya leƙo ya ce, "Ku ƙyale ta, rana na yi!"

Juwairiyya tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Kaɗan ya rage. Kaɗan.

Sai ta ji shi.

A bayanta, ƙirjin Khalid ya fara cika. Ya ɗago wuyansa daga kafaɗarta, shi kaɗai, babu mai tallafa masa. Ya ga Gunyarsa. Ya ga an riƙe ragama. Ya ga ta tsaya tana jira, kamar kullum. Shi dai abu ɗaya ya sani: in ta tsaya haka, shi take jira.

Juwairiyya ta san wannan kokawar. Ta san yadda haƙarƙarinsa yake turo bayanta, yadda harshen yake neman hanya.



Ta kai hannu baya ta kan kafaɗa. Tafinta ya isa daidai bakinsa, har ta ji ɗumin numfashinsa. Rufewa kawai za ta yi.

Shekara bakwai tana roƙon Allah ya buɗe bakin nan. Ga ubansa a tsaye, taku biyu, wanda bai taɓa ji ba. Hannun ya tsaya a iska, ya ƙi gaba, ya ƙi baya.

"JE!"

Bai taɓa faɗa da ƙarfi haka ba. Har zakaran saman motar ya kaɗa fiffike.

Muntari ya juyo kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Wa... wa ya yi magana?"

Gunya ta sauke kai. Ta ɗaga ƙafar gaba a hankali, irin takunta na mai ɗauke da abin da ba ta so ya faɗi. Ta ɗora a kan katakon. Ta ɗora ta biyu.

"A'a!" Juwairiyya ta kurma ihu. "Gunya, a'a! Tsaya!"

Baba Gwadabe ya ruga, tsufa ya kayar da shi a gindin tudun. "Tsaya! Tsaya, 'yar albarka!"

Amma ba muryarsu aka hore ta da ita ba.

Ta haye, kofatonta na ƙwanƙwasa katako, ta shige tsakanin jakuna. Yaran suka yi shewa, suka janye katakon, suka turo ƙyauren, sakata ta faɗa.

Khalid yana dariya. Dariya sosai, da dukkan jikinsa, don ya faɗa kuma an ji.

Ramalan ya kau da kai. "Ta hau," ya ce. "Wallahi ba ni da iko."

Muntari bai ji shi ba. Ya kama fuskar ɗansa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

"Khalid. Kai ne? Sake faɗa. Faɗa wa Baba."

Yaron bai dube shi ba. Idonsa na kan tsagar katako, inda wani farin hanci ya leƙo yana hura iska.

Injin ya tashi. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe su.

Muntari ya saki fuskar yaron. Ya dubi hayis ɗinsa, ta yi nisa, ba zai kai ya tare hanya da ita ba. Ya cire hularsa ya danƙa wa Juwairiyya, ya zaga da gudu ta gefen motar.

"Baban Khalid! Ina za ka?"

Ya isa gaban motar, ya kwanta a ƙasa, ya miƙe tsawonsa dab da tayar gaba.

Ramalan ya yar da carbi, ya ruga yana ɗaga hannu.

"Direba! Direba, akwai mutum!"

Ƙarar injin ta haɗiye muryarsa. Direban, can sama a kujerarsa, madubi yake gyarawa. Bai ga abin da ke gaban tayarsa ba.

Ya saka giya.